MATSIRGAR MOSI-OA-TUNYA DA GARIN SARKI MUKUNI

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, da sauran ma'aikatan sarauta waɗanda ke son sanin yadda waɗansu ƙasashen Afirka suke, da yadda sarakunansu ke riƙon jama'a. A cikinta za a ba da labarin wata babbar matsirga, watau wurin da kogi ke faɗowa daga bisa dutse, wadda Turawa suka sa wa suna Biktoriya, da kuma wani tsohon gari da ke kusa da ita, garin Sarki Mukuni. Yawancin baƙin da ke zuwa can ruwa suke zuwa kallo, in ma sun shiga garin ba su kan wuce sa'a biyu ba. Amma ga wanda ke riƙe da ƙasa, abin lura a cikin garin bai kasa na bakin ruwa ba, saboda haka za mu taɓa duka biyu.

INDA TAKE

Kogin Zambezi shi ne na huɗu wajen tsawo a Afirka. Nilu ne na fari, sa'an nan Kwango, sa'an nan Kwara, sa'an nan shi. Tsawonsa kamar mil 1,600 ne. Ya ɓuɓɓugo daga kusurwar arewa maso yamma ta ƙasar Zambiya, ya ratsa Angola, ya komo Zambiya, ya bi ta fadamun ƙasar Barotse, daga nan ya karkata gabas har ya faɗa Tekun Indiya a ƙasar Mozambik. Matsirgar tana wajen tsakiyar tafiyarsa, daidai inda ya zama iyaka tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Waɗanda suka yi karatu da tsofaffin taswirori za su tuna da ƙasashen nan biyu da sunan Rodeshiya ta Arewa da Rodeshiya ta Kudu. Ta Arewa ta sami mulkin kanta ran 24 ga Oktoba, 1964, ta zama Zambiya. Ta Kudu kuwa sai bayan yaƙi mai tsawo ta zama Zimbabuwe, ran 18 ga Afrilu, 1980.

Kafin ya iso matsirgar, kogin a shimfiɗe yake cikin fili, ya yi faɗi, yana tafiya sannu tsakanin tsibirai masu kajinjiri da manyan itatuwa, ga dorina ga kada. Babu tsauni, babu wani tudu da zai nuna wa baƙo akwai wani abu a gaba. Sai kawai a ga ƙasa ta tsage a gicciye, daga wannan gaɓa zuwa waccan, kogin duka ya afka cikin tsagar. Faɗin bakin da ruwan ke zubowa ƙafa 5,604 ne, watau mil guda da 'yan kai. Inda ya fi zurfi ƙafa 354 ne. Wanda ya taɓa zuwa Gurara ta Jihar Neja, wadda tsawonta kamar ƙafa 100 ne, sai ya kwatanta uku da rabi irinta an ɗora wata bisa wata, kuma an shimfiɗa su tsawon mil. Akwai matsirgun da suka fi ta tsawo a duniya, akwai kuma waɗanda suka fi ta faɗi, amma in an haɗa tsawon da faɗin, ita ake ƙidayawa gaba da kowace.

Tsagar da ruwan ke faɗawa ƙunci gare ta, faɗinta tsakanin ƙafa 200 ne da 400. To, da yake ruwa mai yawa haka ba shi da wurin bazuwa, sai ya daki duwatsun ƙasa ya farfashe, iska ta ɗauko feshin ta cilla sama. Lokacin cikar kogi feshin kan tashi fiye da ƙafa 1,300, kuma akan hango shi daga nisan mil 30, fari fat, kamar an sa wa daji wuta. Ƙarar kuwa kamar tsawa ce wadda ba ta yankewa dare da rana. Shi ya sa Makololo suka kira wurin Mosi-oa-Tunya, ma'anarsa hayaƙi mai tsawa. Mutanen Tonga, waɗanda suka riga su zama a nan, suna ce da shi Shungu Namutitima.

Feshin nan yana komowa ƙasa kamar ruwan sama, ko da rani ko da damina, a kan gaɓar da ke fuskantar matsirgar. Saboda haka wani ɗan kurmi ya tsiro a wurin, kore shar, mai duhuwa da igiyoyin itace, alhali taku kaɗan daga nan busasshen daji ne. Bakan gizo kuwa ba ya rabuwa da wurin in da rana. Har da dare ma, in wata ya cika kuma ruwa na da yawa, akan ga bakan gizo na farin wata.

YADDA RUWA YA SASSAƘE DUTSEN

Ƙasar wurin baƙin dutse ce, irin wanda ya narke ya malalo daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta abin ya auku shekara wajen miliyan 180 da suka wuce. Sa'ad da dutsen ya huce sai ya tsattsage, daga baya laka da farar ƙasa suka cike tsagogin. Da kogi ya biyo ta kansu, sai ya riƙa cin mai taushin yana barin mai ƙarfin. In ya ƙwaƙule tsaga guda ta zama rami, nan ne matsirga. Sannu a hankali sai ruwan ya sami wani gefe mai rauni a leɓen dutsen, ya ci baya ta nan har ya tarar da wata tsagar, ya ƙwaƙule ta, tsohuwar matsirga ta bushe ta zama kwazazzabo.

Wanda ya duba wurin daga jirgin sama zai ga shaidar haka a sarari. A ƙasan matsirgar ta yau, kogin yana tafiya ne a karkace, ya yi gabas ya komo yamma, ya sāke yin gabas, cikin kwazazzabai masu zurfi, kowane ɗaya wurin tsohuwar matsirga ne. Aikin kuwa bai ƙare ba. A can ƙarshen yamma, wajen Zimbabuwe, akwai sashen da Turawa suka laƙaba wa sunan Shaiɗan, inda leɓen ya fi ko'ina ƙasa, ruwa bai taɓa yankewa ba. Nan ne ake zaton kogin ya soma cin sabuwar hanya.

Duk ruwan nan na faɗin mil guda ƙofa ɗaya tak gare shi ta fita, faɗinta ƙafa 360. Da ya kutsa ta nan sai ya shiga wani gurbi mai zurfi inda yake juyawa yana tafasa, har ake kiran wurin Tukunya Mai Tafasa. A riƙe sunan nan, don za mu komo kansa in mun shiga zancen mutanen Mukuni.

ZUWAN LIBINGISTON

Baturen da ya fara ganin wurin ya ba da labari shi ne Dokta Dauda Libingiston, mutumin Sikotlan, likita ne kuma mai wa'azin Kirista. Ya iso ran 16 ga Nuwamba, 1855, watau zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma shekarar da Abdulkarimu Bart ya koma Turai bayan yawonsa na Barno da ƙasar Hausa da Tambutu. Ba shi kaɗai ya zo ba, kuma ba shi ya nemo hanya ba. Sekeletu, sarkin Makololo, shi ya ba shi mutane da guzuri, masu kwalekwale na wurin kuma suka tuƙa shi har wani tsibiri da ke kan leɓen matsirgar sosai, ya rarrafa ya leƙa. Tsibirin nan da sunansa ake kiransa yanzu. Ya raɗa wa matsirgar sunan Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya kuma rubuta sunan da ya ji mutanen ƙasa ke faɗi.

Abu biyu da ya yi sun isa a ambata. Ya shuka 'ya'yan itatuwa da kofi a tsibirin, ya sa a yi musu shinge, amma da ya komo a 1860 sai ya tarar dorinai sun tattake gonar. Awon da ya yi da ido a zuwan fari kuma ya gaza ƙwarai, don ya ɗauka zurfin kamar ƙafa 100 ne. A zuwa na biyu ya ɗaura harsasai da ƙyallen farin alawayyo a bakin igiya ya zura, igiya ta tafi ƙafa 310 kana ta maƙale a kan wani dutse, ba ta kai ƙasa ba. Malaman da ke awon gonaki sun san irin wannan, ido kan yi wa mai shi ƙarya.

Lokacin nan ƙasar ba zaune take lafiya ba. Makololo baƙi ne daga kudu, da yaƙi suka ci mutanen bakin kogi, Matabele kuma suna kawo hari daga ƙetare. Mutane kan gudu su fake a tsibirai. A tsibirin Kalai, sama da matsirgar kaɗan, Libingiston ya ga kabarin wani Sarki Sekute an kewaye shi da manyan hauren giwa 70. Mulkin Makololo bai daɗe ba, Lozi suka tumɓuke su a 1864, amma harshensu ya zauna, sunan Mosi-oa-Tunya kuma ya zauna tare da shi.

GADA DA GARI

Sesil Rodis, attajirin nan na Afirka ta Kudu wanda kamfaninsa ya mallaki ƙasashen biyu, yana da burin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kef har Alƙahira. Shi ya ce a gina gada kusa da matsirgar yadda feshi zai riƙa taɓa taragun jirgi. Bai ga wurin da idonsa ba, ya mutu a 1902. Dogo ya iso daga Bulawayo a 1904. An ƙera ƙarafan gadar a Ingila, aka kawo su ta teku da jirgin ƙasa, aka riƙa haɗawa daga gaɓa biyu har suka gamu a tsakiya. An buɗe ta a watan Satumba, 1905. Tsawonta ƙafa 650, tsakaninta da ruwa kuwa kamar ƙafa 420. Har yanzu jirgi da mota da mai ƙafa suna bi ta kanta.

Kafin gada, Turawan farko sun zauna a wata mashiga ta kwalekwale sama da matsirgar, cikin fadama, zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna. Da aka gama gada sai aka tashe su zuwa tudun yashi, mil shida ko bakwai daga ruwa, aka kafa garin Libingiston. Shi ne babban birnin Rodeshiya ta Arewa daga 1911 har 1935, sa'ad da aka mai da hedkwata Lusaka. Akwai gidan kayan tarihi a garin, wanda aka kafa a 1934, inda aka ajiye wasiƙun Libingiston da kayan aikinsa, da makaman dutse na mutanen dā can waɗanda aka tsinta a gaɓar kwazazzabai.

Gadar ta ga siyasa. Bayan Turawan Rodeshiya ta Kudu sun yi wa Ingila tawaye a 1965, ta zama iyaka tsakanin abokan gāba, har aka rufe ta a 1973. A watan Agusta, 1975, aka tsai da taragon jirgi a tsakiyarta, daidai kan iyaka, Iyan Simit da mutanensa suka zauna ta gefen Rodeshiya, shugabannin 'yan ƙasa suka zauna ta gefen Zambiya, Shugaba Kaunda da Firayim Minista Fosta na Afirka ta Kudu suna shiga tsakani. An yini ana magana, aka tashi ba a shirya ba. A 1989 hukumar UNESCO ta sa matsirgar cikin wuraren gādon duniya, da sunan ƙasashen biyu tare.

GARIN MUKUNI

In an bar bakin ruwa ta gefen Zambiya aka yi gabas, ba a kai mil goma za a iske garin Mukuni a kan jigawa. Mutanensa Leya ne, akan kuma haɗa su da maƙwabtansu a ce Toka-Leya, harshensu reshe ne na Tonga. Akan ƙiyasta mazauna garin wajen mutum 7,000, ban da ƙauyuka masu yawa da ke ƙarƙashin sarkin. Ba gari ne da aka gina don 'yan kallo ba. Mutane ne ke zamansu, da bukkokin laka masu jinka, da dangar kara ko ta ciyawa, da rumbuna, da 'yan gidajen bulo masu kwano nan da can. Akwai makaranta, da ɗakin shan magani, da coci-coci, da kasuwar sassaƙa, da fada. A tsakiyar gari akwai wani babban itace wanda mutanen garin ke nunawa, suna cewa a gindinsa Libingiston ya zauna yana jiran iso wurin sarkinsu.

Bisa ga tarihin da suke bayarwa da baka, garin ya girmi sarautar Mukuni. Sunansa na fari Gundu, kuma mace ce ke riƙe da shi, mai sarautar Bedyango. Daga baya wani ɗan sarki, Mukuni, ya zo da jama'arsa daga wajen arewa, asalinsu ƙasar Kwango. Maimakon ɗaya ya kori ɗaya, sai aka raba mulki, kuma a kan rabon nan ake har yau. Sarkin da ke kai shi ne Mukuni na 19.

Wannan rabo shi ya fi cancanta hakimai su dube shi da kyau. Bedyango ba matar sarki ba ce, sarautarta dabam take, daga cikin zuriyar masu ƙasa na asali ake naɗa ta. Sarki shi ke da shari'a, da tsaron ƙasa, da hulɗa da gwamnati da baƙi. Ita kuwa ƙasar kanta ce a hannunta, da abin da ya shafi haihuwa da aure da mutuwa, da roƙon ruwa, da al'amuran mata. Rabon gona da filin gida ta wajenta yake bi. In sarki ya mutu, tana da babbar murya wajen zaɓen magajinsa, kuma ba a naɗi sai da ita. A ƙauyuka ma haka tsarin yake, kowane mai gari akwai dattijuwa a gefensa mai irin wannan aiki. Wanda ya san matsayin Inna a Gobir ko Magira a Barno ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba, sai dai a nan ikon ya kai har ga rabon ƙasa. A ganinmu amfanin tsarin a fili yake: wanda ke karɓar baƙi masu neman fili ba shi kaɗai ke da ikon bayarwa ba.

Suna da wata al'ada kuma game da naɗi. Sun ce akwai wani ɗan dutse na sarauta wanda sabon sarki ke haɗiyewa, ya zauna a cikinsa muddin ransa, in ya mutu a fitar a ba na bayansa.

Ga Leya, matsirga wurin kakanni ce, ba wurin shaƙatawa ba. A gargajiyarsu akwai inda ake kai marasa lafiya a bakin leɓen gabas, su yi wanka, su saki tsofaffin tufafinsu ruwa ya tafi da su, da nufin cuta ta bi su. Akwai kuma bikin da suke kira Lwiindi, wanda asalinsa roƙon ruwan sama ne. Samari kan shafe jikinsu da farar laka, su gangara har Tukunya Mai Tafasa su ɗebo ruwa, a kawo wurin kaburburan sarakuna, Bedyango na gaba. Galibin mutanen yanzu Kirista ne, amma ba a bar bikin ba, ya zama ranar taron ƙabila, har manyan gwamnati kan halarta.

ABIN DA SUKA RASA DA ABIN DA SUKA SAMU

Kafin zuwan Turawa, mutanen Mukuni da na Sekute su ne masu fito. Duk mai son ƙetare Zambezi a wannan yanki sai ya biya su. Gada ta kashe wannan sana'a. Bayan haka aka keɓe bakin kogi aka ce wurin gwamnati ne, don namun daji da baƙi masu kallo, aka janye ƙauyuka baya zuwa jigawa, zuwa wuraren ibadarsu ma ya zama sai da izini. Otal-otal da suka tashi a bakin ruwa, da jiragen shawagi, da kamfanonin yawo, galibinsu na waɗansu ne. Kuɗin shiga gandun kuwa na gwamnati ne.

Jigawar da suke kai yashi ce, ba ta riƙe ruwa, damina kuma ba ta da tabbas. Suna shuka masara da dawa da gero da gyaɗa, suna kiwon shanu da awaki, abincinsu tuwon masara ne wanda suke kira nshima. In amfani ya yi kyau, ga giwaye. Garke guda kan cinye gonar mutum a dare ɗaya, kuma doka ta hana kashe su. Manoma kan kwana a gona suna buga gwangwani, waɗansu kan shafa barkono da baƙin mai a tsumma su rataya a igiya kewaye da gona, ko su ƙona barkonon da kashin giwa, don giwa ba ta son yajin. Wani lokaci abin ya yi, wani lokaci a yi hasarar rai.

Ruwan sha ma wahala ne. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: mutum na tsaye a ƙofar gidansa yana hangen hayaƙin Mosi-oa-Tunya, amma kogin da ke kusa da shi yana can ƙarƙashin kwazazzabo mai zurfin ɗaruruwan ƙafa, ba mai iya hawowa da tulu. Da rijiyoyin burtsatse da tankuna garin ke sha, waɗansu na gwamnati, waɗansu na ƙungiyoyin taimako.

Abin da ya riƙe garin shi ne sassaƙa. Maza kan zauna a inuwa da gizago suna fitar da giwa da dorina da raƙumin dawa daga itace, da akusa da sanduna da kujeru, mata na saƙa kwanduna da dutsen ado. Akan sayar a garin, da bakin matsirga, da wata kasuwa a tsakiyar Libingiston wadda ke da sunan Mukuni. Sana'ar na kawo kuɗi, amma tana cin daji, don itatuwan da suka fi kyaun sassaƙa masu jinkirin girma ne, kullum kuma sai an ƙara nisa kafin a same su. Ciniki kuma ya rataya ga zuwan baƙi. A 2020, da annobar korona ta tsai da tafiye-tafiye, kasuwar ta mutu tsaye.

SARKI DA GWAMNATI

A nan akwai wata dangantaka da ƙasarmu. Tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda aka fara gwadawa a Nijeriya ta Arewa, shi aka kai Tanganyika, daga can ya shiga Rodeshiya ta Arewa da dokar En'e ta 1929. Sarakuna irin su Mukuni suka sami kotu, daga baya kuma baitulmali. Bayan samun mulkin kai, a 1965, gwamnatin Kaunda ta rushe En'e ta mai da aikinta ga majalisun ƙananan hukumomi. Sarki a Zambiya yau gwamnati tana ba shi alawus, tana biyan dogaransa, waɗanda ake kira kapaso. Akwai Majalisar Sarakuna a Lusaka mai wakilai 50, biyar daga kowane lardi cikin larduna goma, aikinta ba da shawara.

Inda ƙarfin sarki ya rage sosai shi ne ƙasa. Bisa ga dokar ƙasa ta 1995, duk ƙasar Zambiya tana hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, amma ƙasar gargajiya ba a mai da ita ta haya, mai takarda, sai da yardar sarkin wurin da majalisar hukuma. Hayar kan kai shekara 99. To, ƙasar Mukuni tana maƙwabtaka da wurin da baƙi suka fi zuwa a Zambiya duka, saboda haka masu neman fili don otal ko gandun namun daji ba su yankewa a fada. In an bayar, akan sami aiki ga samari, da kuɗin gina aji ko rijiya. Amma filin da ya shiga takarda ya fita daga hannun gargajiya ke nan, ba ya kan komo ba, makiyaya da masu itacen wuta kuma sai su tarar da waya. Duk hakimin da gari ya soma ci wa ƙauyuka ya san nauyin sa hannu irin wannan, ya kuma san yadda malamin da ke riƙe da littafin filaye ke shan matsi.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Damunarsu ba ta zo daidai da tamu ba. Ruwan sama kan sauka daga Nuwamba zuwa Maris, sanyi daga Mayu zuwa Agusta, zafi mai tsanani a Oktoba. Kogin kan cika ne a makare, wajen Afrilu, domin fadamun Barotse kan riƙe ruwan su sake shi a hankali. A lokacin cikar, ƙara da feshi ba a magana, amma feshin kan rufe matsirgar har ba a ganin ƙasanta, mutum kuma zai jiƙe sharkaf ko da rigar ruwa. A Oktoba da Nuwamba ruwa kan ja baya ƙwarai, har sashen gabas, na wajen Zambiya, ya zama dutse tsirara. Fari na 2019 ya sa jaridun duniya suka yi ta buga hoton wannan sashe suna cewa matsirga ta ƙafe, alhali babban sashen na wajen Zimbabuwe yana zuba, ko da yake ruwan ya ragu fiye da yadda aka saba. Akwai kuma tashar lantarki ta gefen Zambiya wadda ke janye wani kashi na ruwan. Wanda ke son ya ga ruwa da dutse duka, watannin Yuni zuwa Agusta sun fi.

Daga Nijeriya ba a rasa jirgin sama ta Adis Ababa ko Nairobi ko Johannasbag, kuma akwai filin jirgi a kowace gaɓa. Daga Lusaka zuwa Libingiston kamar mil 300 ne a mota. A tafi da katin allurar shawara, a nemi biza tun daga gida, ta ƙasashen biyu in ana son ƙetare gada, a kuma sha maganin zazzaɓi. Gefen Zimbabuwe ya fi ba da ganin matsirgar gaba da gaba, gefen Zambiya ya fi kai mutum kusa da ruwa, ta wata siririyar gadar ƙafa da ke ratsa cikin feshi. Duwatsun wurin santsi gare su, ba ko'ina ke da shinge ba. A yi hankali da gwaggon biri, don sun saba da mutane, sukan fizge jaka in sun ga alamar abinci. In an gamu da giwa a hanya, a tsaya nesa a ba ta wuri. Akwai samarin da kan ɗaura igiyar roba a ƙafa su diro daga kan gada, da masu wanka a wani gurbi da ke kan leɓen matsirgar in ruwa ya janye. Ba mu ba dattijo shawarar ko ɗaya.

In za a shiga Mukuni, akan biya ɗan kuɗi, a ba mutum ɗan rakiya daga cikin 'yan garin. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi, kada a leƙa gida sai an yi izini, mata kuma su ɗaura zane. Ganin sarki ba a yinsa kai tsaye, sai an aika tun da wuri ta hannun fadawa, a tafi da 'yar gaisuwa. Gaisuwar fada a can durƙusawa ce da tafa hannu a hankali, ba a miƙa wa sarki hannu sai in shi ya fara. Hakimin da ya je da takardar gabatarwa daga masarautarsa, ya kyautu ya roƙi a kai shi ya gai da Bedyango ita ma, ya kuma tanadi tata gaisuwar dabam.